Munduwar Yakuba

Masu karatu, ku matso kusa, don abin da zan faɗa yau ko 'ya'yan cikina ba su taɓa jin sa daga bakina ba. Sunana Zuliha, 'yar Labo maƙeri, ta unguwar maƙera a Gaya. Yanzu kam haƙora sun yi mini bankwana, amma a daminar da ƙasarmu ta cika shekara biyu da samun 'yancin kai shekarata goma sha tara, kuma ba yabon kai ba, in na ɗaura atamfata mai ganyen ɗorawa na kafa kallabi na shiga kasuwa, har masu kifi sai sun manta da ciniki.

Sha tara babu aure a wancan zamani, ai kun san abin gori ne. Inna kuwa ba ta gajiya.

"Ke Zuliha, sa'o'inki na goyon na uku, ke kina nan kina ƙona ƙore!"

Ƙona ƙore shi ne sana'ata. Nakan sa wuƙa a wuta ta yi ja, in zana ƙwarya da ita, in kai kasuwa. Idan Inna ta fara, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da zanena. Ba samari na rasa ba. Alkawari na ɗauka tsakanina da raina, kuma sai kun san wana Yakuba za ku gane shi.

Mu gidanmu ba ƙira kaɗai aka gada ba, har da dafa tama. Kakannina sukan haƙo dutsen tama a tudu, su gina tukunyar laka da ta fi mutum tsawo, su cika ta da gawayin ƙirya, su ba ta wuta kwana da yini har ta haifi ƙarfe. Haka suke cewa, ta haihu. Har yau in ka bi bayan gari za ka ga tsibin kashin tama baƙi ƙirin. Da ƙarfen Nasara ya fara shigowa da araha, sai aka bar wahala. Baba shi ne na ƙarshe da ya dafa, kuma daga wannan dahuwar ta ƙarshe ya yanko mafi kyawun wuri ya ƙera wa Yakuba munduwa.

Ranar ba ta fita raina. Yakuba na da shekara sha uku, ni bakwai. Al'adarmu ce, ɗan maƙeri in ya isa riƙe masaba, a ƙera masa munduwa mai kauri, a haɗe bakinta a wuta, ta huce a zura masa. Hannu na girma, ta zauna ke nan, ba ta fita har kabari. Ni aka sa zuga. Ina ta danna zuga-zugi, wuta ta yi fari fat, sai ga ƙarar mota a hanya. Lokacin mota abin kallo ce. Na saki fata na miƙe wuya.

"Zuliha!" in ji Baba.

Na koma da sauri, ya ciro ƙarfen ya buga, aka yi dariya. Tun daga ranar Yakuba ya sa mini suna Mai-kallon-mota, kuma har ya bar duniya bai kira ni da wani suna ba.

Da Turawa suka zo ginin gadar da ta haɗa mu da Malanbil, Yakuba ya ajiye masaba ya tafi can aikin ƙarfe. Baba bai so ba, amma bai hana ba. Wata ranar Laraba da hantsi iska ta taso, Yakuba ya faɗo daga tsakiyar gada cikin Kwara. Sarkawa suka yi kwana uku suna nema har Tunuga, ko hularsa ba a gani ba. Mutum ɗaya ne ke tare da shi a sama, abokin aikinsa Alassan, Badande ɗan Tunuga. Ya zo gaisuwa hannunsa na dama naɗe da tsumma, ya ce iska ce ta kwashe Yakuba, kafin ya kai gare shi ya tafi.

Amma wata mai wanki a bakin ruwa ta rantse mini ta ga mutum biyu hannu cikin hannu, ɗaya na reto, sannan ɗayan ya faɗi. To, a nan na yi alkawarin: ba ni ba aure sai na san hannun da ya saki Yakuba.

Baba kuwa tun ranar bai sake hura wuta ba. Kullum da safe zai shiga rumfar ƙira ya zauna gaban uwar maƙera, ya yi shiru har azahar. Shekara biyar. Ni kuma in na wuce rumfar da rana tsaka, wallahi sai in ji kamar ana buga ƙarfe can ƙasa-ƙasa, irin bugun Yakuba, biyu da sauri ɗaya a hankali. In leƙa, babu kowa sai Baba da gizo-gizo.

Yanzu ku ji ikon Allah. Duk samarin Gaya, wanda ya nace a kaina shi ne Alassan.

Bayan gada ya shiga biro, wato ofishin kwamanda mai mulkin gari, da yake ya yi lakwal, makarantar boko. Ya zama ɗan gaye, wando kaki da guga, farar riga, agogo, ga kekensa mai ƙararrawa. Duk ranar kasuwa sai ya sayi ƙwarya ɗaya a wurina, mako na zagayowa ya dawo da ita wai ta tsage, alhali lafiyarta lau, sai dai takarda a ciki. Da ajami yake rubutawa don ya san shi na iya.

"Zuliha, ƙwaryar nan tana yoyo. Ni ma haka."

Wata kuma: "Jiya na ga kin yi dariya da mai gishiri. Nawa yake biya?"

Ku faɗi gaskiya, wace budurwa ce ba za ta murmusa ba? Na murmusa, har na ɓoye takardun cikin tukunyar lallena. Ina son sa, ba zan yi muku ƙarya ba. Kuma ina jin tsoronsa. Hannunsa na dama kullum a dunƙule yake, ko gaisawa zai yi da maza sai ya yi sauri ya janye.

Da ya aiko da magana gida, Inna har da guɗa.

"Ma'aikacin biro! Kin san mutane nawa ne ke yarda su auri 'yar maƙera? Allah Ya kawo miki har gida, ki tsaya kina zumɓura baki?"

"Inna, shi ne fa ke tare da Yaya."

"To sai me? Shi ya halicci iska? Na ba ki zuwa ranar fet. Ko ki ce e, ko ki ce a'a, amma ki bar ɗan mutane ya san inda ya nufa."

Fet ɗin kuwa, wato bikin 'yancin kai, saura sati uku. Za a yi babban baƙo daga Yamai, kwamanda na son a ba shi kyauta wadda za ta nuna Gaya. Wasu suka ce buzu, wasu suka ce kifin itace. Alassan ne ya miƙe a biro ya ce ƙasar nan ta san ƙarfe tun kafin Nasara ya zo da nasa, a yi abin ƙarfe. Shi aka ɗora wa aikin, shi kuma ya zo ya ɗora mini.

Ya same ni a zaure, na sa rigata ta leshi ba don shi ba, don dai ita ce a kusa. Ya ajiye kaye, wato littafin rubutu, da fensir.

"Ke ce mai zane. Fito mana da abin da ba a taɓa gani ba."

"Ni ƙwarya na sani."

"Ƙwaryarki ma yoyo take, amma ina saye."

Na harare shi, na ture kayen, na ɗauko gawayi don da shi hannuna ya saba. Kwana huɗu ina zanawa a daɓen ɗaki ina sharewa. Na zana takobi, na ce kowane gari na da takobi. Na zana fartanya, Inna ta ce baƙon Yamai ba noma ya zo ba. Ran na biyar na je ɗebo ruwa, na tsaya ina kallon gadar da na tsana, sai abin ya zo mini. 'Yar gada, tsawon kamu ɗaya, a ƙera ta da ragowar ƙarfen gada da ke zube a bayan biro. A ƙarƙashinta, daidai tsakiya, maimakon ginshiƙi, 'yar tukunyar tama kamar babban yatsa, ita ke ɗauke da gadar. Ita kuma dole a ƙera ta da ƙarfen tama na gaske, na ƙasarmu, in ba haka ba ƙarya ce aka ba baƙo.

Sannan na ƙara wani abu da ba wanda ya sa ni. A bakin gadar, saman tukunyar, na zana ɗan zobe ƙarami. Wannan ba na baƙo ba ne, na Yakuba ne. Na ce tunda ba shi da kabari, ya samu ko wannan.

Alassan ya durƙusa yana kallon zanen, yana ta "kai, kai, madalla", har idonsa ya kai kan zoben. Sai ya nuna shi da yatsa.

"Wannan fa?"

"Munduwa ce."

Ya kawar da kai. Na dubi dunƙulallen hannun nan a kan gwiwarsa. Na ce a raina, yau ga ranar.

"Alassan, me ya faru a saman gada?"

"Na faɗa tun tuni."

"Ka faɗa wa mutane. Ni nake tambaya."

Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. "Zan nemo tama," ya ce, ya hau keke ko ƙararrawa bai buga ba.

Saura Baba. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce kwamanda ne fa da kansa, kunyar unguwa za a ji. Baba ya kalli zanena tsawon lokaci, ya shafa 'yar tukunyar da yatsa har gawayin ya ɓata masa hannu.

"In kun samo ƙarfen tama, in ƙera."

Ya faɗi haka ne don ya san babu. An cinye shi a fartanyu da gatura shekara da shekaru, wanda ya rage ya gauraye da na Nasara.

Kwana shida babu Alassan, babu ƙwarya mai yoyo. Na yi ta jin haushin kaina da nake duban hanya. Ran na bakwai, bayan la'asar, hadari ya haɗo ta wajen Bengu, sai ga shi a ƙafa, ba guga a rigar, ido ya faɗa. Ya yi sallama a bakin rumfar ƙira. Ni da Inna muka biyo shi.

Ya kwance wani tsumma ya ajiye ɗan sandan ƙarfe, tsawon taƙi, ya yi tsatsa, an miƙar da shi da bugun wanda bai iya ba.

"Baba, a Bengu na samo, wajen wani tsoho. Ya ce tama ce."

Allah sarki Alassan! Ya yi shekara uku yana aikin ƙarfe, amma ƙarfen Nasara ya sani, wanda duk iri ɗaya ne, wannan sanda kamar waccan. A zatonsa in ka miƙar da abu ka sake masa kama, shi ke nan ya ɓace. Bai san maƙeri ba da ido yake sanin ƙarfe ba. Kowace dahuwa da muryarta.

Baba ya ɗauka da yatsa biyu, ya ɗaga, ya sake shi a kan uwar maƙera.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani ɗan amo ne mai zurfi da ya daɗe bai mutu ba. Amma na san shi, domin amon nan na sha jin sa duk lokacin da Yakuba ya ɗora hannu a kan maƙerar nan. Inna ta dafa ginshiƙin rumfa.

Baba ya sake ɗauka ya sake saki. Sannan ya ce, a hankali, "Dahuwata ce. Ta ƙarshe."

Ya ɗago ya dubi Alassan.

"Abu ɗaya na ƙera da wannan wuri. Yaro, ba a Bengu ka samo ba."

Ni kam ban san lokacin da na cakumi rigar Alassan ba. "Ba ta fita! Munduwar nan ba ta fita daga hannu! Ta yaya ta zo wurinka? Me ka yi masa?"

Bai ƙwace ba. Ya durƙusa a cikin tokar shekara biyar da farar rigarsa, ya buɗe hannun nan na dama a gabanmu karo na farko. Tabo ne ya ratsa tafin daga gefe zuwa gefe, fari, mai kauri kamar igiya.

"Na riƙe shi," ya ce, Hausarsa ta koma ta Dandawa sosai don kuka. "Wallahi na riƙe shi. Da iska ta kwashe shi na faɗi rub da ciki na cafko hannunsa. Gumi ya sa hannun ya zame, sai yatsuna suka shiga cikin munduwa. Na ce masa, Yakuba, kar ka ji tsoro, ƙirar Baba ce. Shi ma har ya yi dariya. Mutane na tahowa da igiya, saura kaɗan su iso. Sai ta buɗe. Ta yanke ni, ta zauna a hannuna, shi ya tafi."

Ruwa ya fara sauka a kan rumfa.

"Don me ba ka faɗa ba?" in ji Inna, muryarta kamar ba tata ba.

"In zo gidan makoki in ce wa uba ƙirarsa ce ta buɗe? Gara a ce ni na sake shi. Na ji ana faɗa, na yi shiru. Shekara biyar tana cikin akwatina, kullum ina jin ta. Da na ga zoben da Zuliha ta zana, na ce bari ta koma wuta ta zama tukunyar nan, ta ɗauki gadarsa, ba wanda zai sani. Ba zan iya kai Zuliha ɗakin da abin nan yake ba."

Na saki rigarsa. Masu karatu, kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, son da nake dannewa ya taso mini gaba ɗaya. Shekara biyar ina zargin hannun da ya yage don ɗan'uwana. Na buɗe baki zan ce masa e a gaban kowa, ko Inna ba zan jira ba.

Sai na ga Baba yana juya ƙarfen.

Ya kai bakinsa kusa da ido, ya kankare tsatsar da farce. Ni ma 'yar maƙera ce, na san abin da yake dubawa. Haɗin da ya ci wuta in zai karye, karyewa yake ko'ina kamar sauran jiki. Wannan ba karyewa ya yi ba. Leɓe biyu ne suka rabu sumul, kowanne da santsinsa, kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Haɗin da aka buga bayan wuta ta sauka daga fari ta koma ja.

Ƙarar mota ta dawo mini a kunne. Na ji fatar zuga-zugi tana fita daga tafina. Na ji "Zuliha!" Na ji dariyar mutane, da Yakuba yana miƙa hannu a zura masa, yana ce mini Mai-kallon-mota.

Na zauna a ƙasa. Na ce a raina, shekara goma sha biyu ne, tsoho ne, ya manta. Ya Allah Ka sa ya manta. Inna ba ta wurin ranar, Alassan bai san komai ba. In na yi shiru, shi ke nan.

"Ƙirata ce," in ji Baba. "Ni na ga wuta, ni na buga. Tashi, yaro. Ka riƙe ɗana iyakar ƙarfinka, Allah Ya riƙe ka."

Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya yaye buhun da ya rufe gawayi, ya share murhu da tafinsa, ya sauko da zuga-zugi daga inda yake rataye, ya busa ƙurar. Inna na kuka ta je ta ɗebo garwashi a madafa, ta kare shi da faifai saboda ruwa. Alassan na durƙushe yana kallona, yana jiran kalma ɗaya, kuma kalmar na bakina, amma na kasa. Na yi alkawari ba zan yi aure ba sai na san hannun da ya saki Yakuba. To, ga shi na sani, yana kan cinyata.

Baba ya kama munduwar da awartaki ya tura ta cikin gawayi. Ya ajiye zuga-zugi a gabana, a daidai wurin da na zauna ina 'yar shekara bakwai. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata rai ba. Ya ɗora tafinsa a kaina, abin da bai yi ba tun ranar Larabar nan, ya sunkuyo yadda ni kaɗai zan ji.

"Zuga, 'yata. Ko mota ta wuce, kar ki duba."